Mutum ne ko inji ke magana a bayan 'yan katun ɗin YouTube?

"Assalamu alaikum. Ƙanwata da ke hannuna ta kamu da kallon wasu 'yan katun a YouTube. Ba fim ba ne, kai tsaye suke magana, suna buga gem, suna karanta saƙon masu kallo suna ba su amsa, wani lokaci har awa uku. Ta ce min sunansu VTuber, wai mutane ne na gaske a baya. Ni kuwa na ɗauka ƙirƙirarriyar basirar nan ce da ake ta magana. Don Allah mene ne gaskiyar abin? Me zai sa mutum da fuskarsa ya laɓe a bayan zane, ba yaudara ba ce? Ga shi yanzu ta fara cewa ita ma tana so ta gwada."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: mutum ne ke magana ko inji, me zai sa mutum ya gwammace a san shi da zane maimakon fuskarsa, sai kuma ko ya dace ka bar ƙanwarka ta shiga. Sana'ata zanen katun mai motsi, kuma cikin aikin da ke shigo min akwai haɗa wa masu irin wannan shiri surar da suke fitowa da ita, wadda 'yan harkar ke kira avatar. Don haka daga ɓangaren da hannuna ke taɓawa zan yi maka bayani.

A ta farkon dai ƙanwar taka ce da gaskiya. Kusan duk VTuber ɗin da za ka ci karo da shi mutum ne zaune a ɗakinsa da makirfo a gabansa. Muryarsa kake ji, dariyar tasa ce, kuma shi ne ke shan kaye a gem ɗin yana ƙunƙuni. Hoton da ke fitowa a allo kawai aka canja. Akwai 'yan ƙalilan da kwamfuta ce zalla, wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Neuro-sama, wadda wani mai rubuta manhaja da ake kira Vedal ya fito da ita a Twitch, wani dandalin shiri kai tsaye, a ƙarshen 2022. Ita kam inji ne ke tsara abin da za ta faɗa, inji ne ke furtawa. Amma fitar da ta yi daban da saura ce ta sa ake maganarta.

Yadda zanen ke bin fuskar mai shi

Akwai kyamara a gaban mutumin, sai dai ba masu kallo take nuna wa ba, manhaja take nuna wa. Manhajar na bibiyar girarsa, ƙiftawar idonsa, buɗewar bakinsa da karkatar kansa, tana mayar da su lambobi tana tura wa zanen. Ya ɗaga gira, zanen ya ɗaga. Ya yi hamma, zanen ya wangale baki. Sai a ɗora zanen a kan hoton gem ɗin da wata manhaja kamar OBS, a tura wa YouTube ko Twitch.

Yawancin waɗanda ƙanwarka ke kallo ba ma surar 3D ba ce, shimfiɗaɗɗen zane ne da aka yi wa dabara. Mai zane ba ya zana shi a dunƙule, falle-falle yake yi: ƙwayar ido daban, fatar ido daban, leɓen sama daban, na ƙasa daban, haƙora, harshe, kowace tufkar gashi da nata fallen. Sura mai kyau takan haura falle ɗari. Daga nan sai ta zo hannun irina, mu saka mata gaɓoɓi a manhajar Live2D Cubism, mu koya wa kowane falle yadda zai lanƙwasa. Abin da ya fi cin rai shi ne juya kai. Zanen takarda ba shi da gefe, ba shi da ƙeya. Idan mai shi ya waiga hagu, dole ni in matsar da hanci, in tsuke idon da ya yi nisa, in ɓoye rabin kunne a bayan kumatu, in sa gashi ya ɗan makara kafin ya biyo kan. Idan ka rasa wannan 'yar makarar ta gashi, mai kallo ba zai iya faɗa maka abin da ke damunsa ba, amma zai ji zanen a sandare yake. Aikin sura ɗaya na iya cin makonni, shi ya sa masu kyau ke tashi daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, kuɗin mai zane da na mai saka gaɓoɓi.

Abin da ya sauƙaƙa harkar shi ne fitowar iPhone X a 2017, mai kyamarar gaba da ke auna tudu da kwarin fuska, tana rarrabe motsi iri 52. Kafin nan manyan masu yi da ɗakin ɗaukar shiri suke aiki, da wata riga mai na'urori a gaɓoɓi da ke bin motsin jiki. Bayan nan waya ɗaya da manhaja kamar VTube Studio sun isa. Manyan kamfanoni har yanzu suna amfani da rigar idan za a yi rawa ko wasan dandali.

Daga Japan aka faro

Wadda ta raɗa wa abin suna "virtual YouTuber", wanda aka taƙaita VTuber, ita ce Kizuna AI, da ta buɗe tasharta a ƙarshen 2016 ƙarƙashin kamfanin Activ8. Ruɗanin da ka shiga ma tana da hannu a ciki, domin a cikin wasanta cewa take ita ƙirƙirarriyar basira ce, alhali mace ce ke mata murya, Kasuga Nozomi, kamar yadda aka tabbatar a 2020. Ba abin mamaki ba ne a ce Japan ce mahaifar abin: ƙasa ce da zanen katun ɗinta da ake kira anime ya zama masana'anta, masu saka wa katun murya taurari ne da kansu, kuma tun 2007 suna da Hatsune Miku, mawaƙiyar da muryarta manhaja ce, wadda daga baya jama'a suka riƙa cika dandali don kallonta.

Kamfanoni biyu ne suka mayar da shi kasuwa. Cover, mai rukunin VTuber da ake kira Hololive, ya fito da Tokino Sora a Satumban 2017. Wani rukunin, Nijisanji, ya biyo baya a Fabrairun 2018, shi ne kuma ya nuna cewa shimfiɗaɗɗen zane da waya sun wadatar, kuma doguwar hira kai tsaye ta fi gajeren bidiyon da aka tace riƙe mutane. Zaman kullen korona a 2020 ya hura wutar. A shekarar Hololive ta buɗe reshen Indonesiya, sannan na masu Turanci a watan Satumba, inda Gawr Gura ta fito ta tara mabiya sama da miliyan 4. Kamfanin da ke da Nijisanji, ANYCOLOR, ya shiga kasuwar hannun jari ta Tokyo a 2022, Cover ya shiga a 2023. Kenan abin ya wuce wasan yara. Duk da haka mafi yawan VTuber ba su da kamfani, kuma da yawansu masu kallonsu ba su cika ɗaki ɗaya ba.

Me ya sa ba za su nuna fuskarsu ba?

Dalilin da kowa ke fara kawowa shi ne sirri, kuma gaskiya ne. Wanda ya yi suna da fuskarsa ya yi sallama da shiga kasuwa hankali kwance. Wanda ya yi suna da zane kuwa zai kashe kwamfuta ya fita sayen burodi ba wanda ya waiwaye shi. Ga mata abin ya fi nauyi, domin mace na nuna fuska a intanet sai rabin sharhin ya koma kan hancinta, ƙibarta da shekarunta, a manta da abin da ta zo faɗa. Wannan ba sai an je Japan ba, ka duba yawan 'yan'uwanmu mata da hoton fure ko na jariri ke kan shafinsu, da marubutan da aka sani da sunan alƙalami kaɗai. Buƙatar ɗaya ce, kayan aikin ne suka bambanta.

Amma a ganina sirri ba shi ne babban dalilin ba, tunda mai son sirri zalla zai iya kashe kyamara ya yi magana kawai. Abin da zanen ke ƙarawa shi ne yana ba ka fuskar da za ka yi aiki da ita, mai murmushi da zaro ido, ba tare da ka ba da taka ba. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai kallo na buƙatar fuskar da zai tambaya, zanen kuma na isar masa da motsin ta gaske ba tare da kamanninta ba.

Sai kuma abin da zanen ke yi wa mai shi. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford suka wallafa wani bincike inda suka ba mutane surori daban-daban a duniyar kwamfuta. Waɗanda aka ba doguwar sura sun fi tsayawa kai da fata wajen cinikin raba kuɗi, waɗanda aka ba kyakkyawa sun fi matsowa kusa da baƙo suna sakin jiki da shi. Na ga irin haka da idona. Akwai wadda na yi wa aiki, duk tattaunawarmu a rubuce muka yi saboda ba ta son kira. Ranar gwaji, da ta ga zanen ya ƙifta ido tare da ita, sai ta fara kumbura kumatu tana gwada harara, kafin a jima tana ta zuba, har tana tsokanata a kan yadda na yi mata haƙora. Ba wata ce ta shigo jikinta ba, mai surutun na nan tun da can, kunyar a kalle ta ce ta danne ta.

Akwai waɗanda jikinsu ne ba zai bari ba. Ironmouse 'yar Puerto Rico ce mai fama da wata cuta ta raunin garkuwar jiki da ake kira CVID, wadda ta tsare ta a ɗaki shekara da shekaru, sau da yawa a kwance. Burinta a da ta zama mawaƙiyar opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa irin na Turawa. Da surar zane ta fara shiri a 2017, kuma a Satumban 2024 ta kafa tarihin yawan masu biyan kuɗin wata a Twitch, sama da 300,000, kafin Kai Cenat, wani mai shiri da fuskarsa, ya karɓe kambun bayan wata biyu. Da fuskarta ta fito, da marar lafiya mutane za su fara gani kafin su ji waƙarta ko barkwancinta.

Wasu kuma wasan ne ke burge su: yau kai kifi ne, ko ɗan fashin teku, ko tsohon dodo mai shekara dubu. Wata VTuber mai suna CodeMiko ma ba ta ɓoye komai ba, kowa ya san fuskar mai ita, tana fitowa sanye da rigar na'urorin, zanen kayan wasanta ne kawai. Ga 'yan kasuwa kuwa lissafin a fili yake: zane ba ya tsufa, ba ya buƙatar kwalliya, ana buga shi a riga, a kofi, a gem. Har hukumar yawon buɗe ido ta Japan ta ɗauki Kizuna AI jakadiya a 2018. Wannan son na zaɓen kamannin da za a gan ka da shi shi ne dai ke sa yara sayen kaya wa surarsu a gem irin Roblox ko Fortnite, manya kuma su ƙera Bitmoji, ɗan katun na waya mai kama da su amma ba tumbi.

To, yaudara ce?

Yaudara ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka ba don ka ci wani abu a jikinsa. A nan kowa ya san da mutum a baya. Masu kallo a Japan har suna da lafazin da suke kiransa da shi, "mutumin ciki", kuma al'adarsu ce ba a tono shi, ba a ambatar tsohon sunansa a gabansa. Ka ɗauke shi kamar mai gabatar da shiri a rediyo: shekara ashirin kana jin muryarsa, ka san abin da ke ba shi dariya da abin da ke ɓata masa rai, ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, kuma ba ka taɓa cewa ya cuce ka ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce abin da ya faru a 2019. Kamfanin Kizuna AI ya ga tunda zane ne, ai ana iya ƙara wasu mata su riƙa yi mata murya, a ninka aiki. Masoyanta suka yi ca, wasu suka janye, dole daga baya aka raba sababbin aka ba kowacce sunanta. Zanen bai canja ko ɗigo ba, amma mutane sun gane ba ita ba ce. Ashe ba zanen suke bi ba. Wanda zai yi awa uku kullum yana magana ba rubutu a gabansa ba zai iya riƙe halin aro ba; labarin cewa ita gimbiyar wata duniya ce yakan riƙe mako biyu, daga nan sai ka ji tana ƙorafin ciwon baya da tsadar haya. Shari'a ma ta fara kallonsa haka. A 2022 wata kotu a Osaka ta yanke cewa zagin surar zagin mai ita ne, domin surar tamkar tufa ce da ta saka, ta kuma umarci kamfanin intanet ya bayyana wanda ya yi zagin.

Ban ce ba a cuta da shi ba. Babba na iya shiga surar yarinya ya canja murya don ya kusanci yara, kamar yadda ake yi da hoton bogi a Facebook. Akwai maza da ke amfani da surar mata a fili, masu kallonsu sun sani, wannan daban. Abin dubawa shi ne me ake nema a wurinka da abin da aka ɓoye.

Inda zanen ba ya kare kowa

Zane ba ya tare zagi. A Satumban 2020 Kiryu Coco da Akai Haato na Hololive suka karanto jerin wuraren da masu kallonsu suke, Taiwan na ciki. 'Yan kishin ƙasa daga China suka yi musu rubdugu, kamfanin ya dakatar da su mako uku, daga baya ya rufe reshensa na China, Coco kuma ta sha tsangwama wata da watanni kafin ta ajiye aiki a Yulin 2021. Ba wanda ya buƙaci ganin fuskarta kafin ya hana ta sakat.

Sai batun kuɗi. Ana samunsa ta talla, kuɗin wata, sayar da kaya, da Super Chat, wato ka biya don saƙonka ya fito da launi a karanta shi. YouTube na cire kashi 30 cikin ɗari, kamfani ya ciri nasa idan akwai. Abin da ke damuna a nan ba rabon ba ne, yadda tsarin ke cin mai kaɗaici ne. An kira sunanka cikin dubban mutane, an yi maka dariya, gobe sai ka ƙara biya. Wasu har sukan ɗauka suna da haƙƙi a kan rayuwar mai shirin, su yi fushi idan suka ji tana da saurayi. Wannan ciwon na duk masu shiri kai tsaye ne, amma zane mai manyan idanu da ba ya gajiya ba ya yamutsewa yana ƙara masa ƙarfi.

Na ukun shi ne wanda masu shiga ba sa tunawa sai ya same su: wa ke da zanen? A Hololive da Nijisanji kamfani ne ke da sura da suna da tashar. Ranar da ka tafi, kai kaɗai za ka fita. Gawr Gura ta bar Hololive a watan Mayun 2025, surar da miliyoyin mabiyan suka zauna a inda suke. Ironmouse kuwa ita ke da tata. Da ta fice daga kamfanin VShojo da take ƙarƙashinsa a Yulin 2025, tana zargin kamfanin da riƙe kuɗinta da fiye da dala 500,000 da ta tara wa gidauniyar masu irin cutarta, da sunanta da surarta ta tafi, kamfanin ne ya rufe a cikin watan. Duk wanda ya zo min da aiki wannan nake fara tambayarsa kafin mu yi maganar launin gashi.

Game da ƙanwarka

Ba ka faɗi shekarunta ba, kuma nan ne maganar take. Tun Yulin 2025 YouTube ba ya barin ɗan ƙasa da shekara 16 ya yi shiri kai tsaye shi kaɗai. Ko a kallon ma kada katun ɗin ya ruɗe ka ka ɗauka na yara ne. Manya ne ke yi, wasu hirarsu tsaf, wasu kuwa akwai ashar da barkwancin da ba za ka so ta ji ba. Ka zauna ka kalli rabin awa na waɗanda ta fi so, za ka gane da kunnenka. Batun hukuncin zana mai rai kuma fagen malamai ne, can za ku kai shi. Abin da zan ƙara kawai shi ne ba dole surar ta zama mutum ba, akwai masu fitowa a tukunyar fure ko kofin shayi.

Idan kun amince ta gwada, kada a kashe ko sisi tukuna. Ta fara da hoto biyu, ɗaya baki rufe ɗaya baki buɗe, manhaja kyauta irin veadotube na sauya su idan ta ji murya, kuma kusan kowace kwamfuta na ɗauka. Idan tana son 3D, manhajar VRoid Studio kyauta ce. Ta fara da bidiyon da aka ɗauka aka tace, domin kai tsaye na shan data, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar shiri na korar mutane. Idan ta kai ga mai bin fuska, a sa fitila a gabanta ba a bayanta ba. Kyamarar kwamfuta da haske take aiki, a ɗaki mai duhu, musamman ga mu masu duhun fata, sai idon zanen ya riƙa rawa baki ya ƙi rufuwa. Gilashin ido ma na rikita ta idan haske na dukansa. Kuɗin farko makirfo ya kamata ya ci, domin mutane na haƙuri da zane marar kyau, amma ba sa zama da murya mai ƙara.

Ta kuma san cewa fuska kaɗai zanen ke rufewa. 'Yan ajinsu za su gane muryarta a minti ɗaya. Yawancin waɗanda asirinsu ya tonu ba kutse aka yi musu ba: wani ne ya ƙwala musu kira da sunansu daga tsakar gida makirfo na kunne, ko sunansu na gaskiya ya bayyana a kusurwar allo, ko suka ambaci makarantarsu cikin hira. Ta buɗe sabon imel da ba ya ɗauke da sunanta, kada ta haɗa shi da lambar wayar da kowa ya sani, kuma kai ko wani babba ya riƙa duba saƙonnin da ake turo mata ta bayan fage. Ranar da za ta biya a zana mata tata, a rubuta a yarjejeniya cewa surar mallakarta ce har da izinin neman kuɗi da ita, kuma ta karɓi fayil ɗin asali mai falle-fallen, ba wanda aka gama haɗawa kaɗai ba.